Fayiloli na ɓacewa tsakanin Windows da Linux: yadda za ka nemo su, ka kuma hana abin sake faruwa

Ranar wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ɗan yayata mai karatu a Tek, wato jami'ar KNUST, ya faɗo shagona a Aboabo ta Kumasi da laftof a hammata, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Kawu, babi na uku da na huɗu babu su. Jiya da dare da hannuna na ajiye."

"A ina ka ajiye?"

"A D mana, inda nake ajiye komai."

"Da wanne ka rubuta, da wanne kuma ka duba?"

Sai ya yi jim. A Linux ya rubuta. Da safe ya shiga Windows don ya daidaita shafuka a Word kafin ya kai a buga, ya tarar da foldar tana nan, amma yadda ya bar ta tun ranar Talata. Ya koma Linux a guje, can ma wayam. Na ce masa ya zauna, kada ya sake taɓa komai, na aiki yaro ya sayo masa fura.

Irin wannan kuka ya ƙaru a shagona tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Yawancin laftof ɗin da muke saye a Adum na hannu ne, da yawansu kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sai mutum ya ɗora Ubuntu ko Linux Mint a gefe, ya bar Windows saboda Word ko wata manhajar aiki, ya ware ɓangare guda na faifai wanda duka biyun za su riƙa zuba kaya, irin D ɗin da yaron ya ambata. Dabara ce mai kyau, ni ma haka tawa take. Amma akwai abin da ba a faɗa wa mutane ranar da ake haɗa musu.

Windows ba ta mutuwa idan ka kashe ta

Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai wani tsari mai suna Fast Startup, kuma a kunne yake zuwa a Windows 10 da 11. Idan ka danna Shut down, Windows tana rufe manhajojinka ta fitar da kai, amma ita kanta ba ta mutuwa. Tattara abin da ke ƙwaƙwalwarta take yi ta zuba a wani fayil mai suna hiberfil.sys a ɓangaren C, inda ita Windows ke zaune, ta yi dogon barci, wato Hibernate. Gobe idan ka kunna, ta ɗauko shi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Cikin abin da ta kwanta da shi har da abin da ta sani game da faifai: wane fayil ke ina, wane wuri ne babu kowa.

Ɗauka mutum biyu ne ke da sito ɗaya a kasuwar Kejetia, da littafi ɗaya da suke rubuta kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Ɗaya ya haddace littafin ya tafi ya kwanta. Da dare ɗayan ya shigo da buhu goma, ya rubuta. Gari ya waye, na farko ya zo bai buɗe littafi ba, ya ci gaba da aiki da haddarsa. A wurinsa kusurwar nan babu komai, don haka ya jibge sabon kaya a kan buhunan, ya kuma gyara littafin ya dace da abin da ke kansa. NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, yana da irin wannan littafi, ana ce masa MFT. Abin da Linux ya rubuta a ciki yayin da Windows ke barci, ba da shi ta farka ba.

In kana son ka gani da idonka, buɗe Task Manager a Windows, shiga Performance, danna CPU, duba Up time. Mutum yana kashe kwamfutarsa kowane dare amma ya ga an rubuta kwana tara. Restart ne ke mayar da lissafin sifili, domin shi Restart kashewa ce ta gaske. Mutane da yawa sun ɗauka akasin haka ne.

Akwai hanya ta biyu da ake faɗawa wannan rami, ita ce kuma ta kama ɗan yayata. Ranar Talata yana cikin Windows aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, batir ya yi ƙasa, Windows ta yi dogon barci da kanta don kada aikinsa ya salwanta. Da wuta ta dawo ya kunna ya tafi alwala. Allon zaɓi na GRUB, inda ake zaɓar Windows ko Linux, ya jira 'yan daƙiƙu, bai ga kowa ba, ya wuce Linux. Shi kuwa ya dawo ya ci gaba da aikinsa a nan har kwana biyu, ya manta sam akwai wata a kwance.

Linux ba ya shiga ido rufe. Direban ntfs-3g, wanda Linux ke buɗe NTFS da shi, idan ya ga alamar Windows na barci, yakan ƙi ba ka damar rubutu, ya bar ka da karatu kawai, ya ce "Windows is hibernated, refused to mount" ko "Metadata kept in Windows cache, refused to mount". Sabon direban ntfs3, wanda kamfanin Paragon ya rubuta kuma ya shiga Linux 5.15 a 2021, shi ma yana ƙin jona, wato buɗe don aiki, ɓangaren da aka bari ba a rufe da kyau ba. To ta ina ɓarna ke shiga? Wani lokaci ta ɓangaren D, domin hiberfil.sys a C yake zaune, ba kullum ake kama alamar a D ba. Wani lokaci ta FAT32 ko exFAT, wasu tsare-tsaren jera fayiloli waɗanda Linux ke buɗewa ya rubuta ba tare da sanin halin da Windows ke ciki ba. Amma mafi yawan waɗanda ke zuwa wurina, su da kansu suka karya ƙofar. Linux ya ƙi rubutu, sun shiga intanet sun samo umarnin da zai tilasta shi, sun liƙa. Yaron nan ma haka ya yi, sai da na matsa ya faɗa.

Mataki na 1: ɗauke hannunka

Fayil ɗin da sunansa ya fita daga littafi, jikinsa yana nan a faifai har sai an rubuta wani abu a kansa. Saboda haka kada ka kwafi komai zuwa ɓangaren, kada ka sauke manhajar ceto a cikinsa, kada ka buɗe Word ka fara sabon rubutu a nan. Idan Windows ta nemi ta duba ta gyara, ka dakata tukuna. Fita daga Windows ta Restart, ka zaɓi Linux. Buɗe tagar umarni, wato Terminal, ka rubuta:

lsblk -f

Zai jero maka ɓangarorin faifai da sunayensu, irin sda4 ko nvme0n1p4, da tsarin kowanne, da inda aka jona shi. Gane naka ta laƙabinsa ko tsarinsa. Zan riƙa rubuta sda4 a misali, kai ka sa naka, ka kuma duba sau biyu kafin ka danna Enter. In a jone yake, cire shi, ka sake jona shi don karatu kawai:

sudo umount /dev/sda4

sudo mount -o ro /dev/sda4 /mnt

Idan ka ga an rubuta BitLocker a wurin tsarin, ɓangaren a kulle yake, ba ɓacewa kayan suka yi ba. Sai da mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft.

Mataki na 2: duba wuraren da kaya ke ɓuya

Kafin a kira abu ɓatacce, a ɗaga tabarma. Fara da bincike na gaba ɗaya, da guntun sunan da ka tuna:

sudo find / -iname "*babi*" 2>/dev/null

Sannan ka bi waɗannan wurare da ido.

Kwandon shara biyu ne, kowa da nasa. Abin da ka goge a Linux yana shiga wata folda mai suna .Trash-1000 a kan ɓangaren, na Windows kuma yana cikin $RECYCLE.BIN, kuma babu wanda ke nuna na ɗan'uwansa a kwandonsa. Danna Ctrl da H a mai nuna fayiloli na Linux, duk abin da sunansa ya fara da ɗigo zai bayyana.

Sai found.000. Idan Windows ta gudanar da chkdsk, manhajarta ta duba faifai, ko da ba ka sani ba, lokacin da take tashi, duk fayil ɗin da ta tarar ba shi da gida a littafi tana tara shi a wannan folda, da suna irin file0000.chk, foldoji kuma dir0000.chk. Windows na ɓoye ta, Linux kuwa na nuna ta a fili. In an yi abin fiye da sau ɗaya za ka ga found.001 da sauransu. Rubuta:

file /mnt/found.000/*

Zai faɗa maka asalin kowanne, wannan takardar Word ce, wancan hoto ne, wancan PDF. Kwafe shi zuwa wani wuri dabam ka canja masa wutsiya daga .chk zuwa .docx ko .jpg. Cikin dir0000.chk sau da yawa fayilolin na nan da sunayensu na asali. A nan muka tsinci babi na uku, cif, ko harafi bai ragu ba. Yaron ya ajiye kofin fura ya ce, "Kawu, Allah Ya saka." Na ce masa tsugune ba ta ƙare ba, saura na huɗu.

Wuri na gaba yana ruɗa har waɗanda suka daɗe a harkar. A Linux, ɓangaren faifai ana jona shi ne a kan wata folda, a ce /mnt/kaya. Ranar da jonawar ta ƙi, foldar tana nan, fanko. Idan ka taɓa ba kanka ikon rubutu a cikinta, manhaja za ta ajiye fayil a nan ba tare da ƙorafi ba, alhali a ɓangaren Linux yake sauka. Gobe jonawa ta yi daidai, ɓangaren ya zauna a kan foldar ya rufe abin da ke ƙasa, kamar an shimfiɗa darduma a kan mabuɗi. Windows ba za ta gan shi ba, tunda bai taɓa shiga D ba, Linux ma ba zai nuna shi ba. Maganin: tabbatar ɓangaren ba a jone yake a wurin ba, ko a /mnt inda muka jona shi a mataki na 1, sannan ka rubuta ls -la /mnt/kaya. In ka ga kayanka, kwashe su.

Sai cutar da muka fi sani a nan, ta fendiraif, wanda mutanen Najeriya ke ce wa filash. Ka kai shi shagon buga takardu, ka dawo ka soka a Windows, ƙwayar cutar ta ɓoye foldojinka ta bar gajerun hanyoyi masu kama da su. Tana iya yi wa D haka. Alamarta ita ce a Linux komai na nan, a Windows ne kawai babu. Bayan ka wanke kwamfutar da maganin ƙwayar cuta, wannan umarni a Command Prompt yana fito da su:

attrib -h -s -r /s /d D:\*.*

Na ƙarshe OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Yana iya kwashe Desktop da Documents ya mayar cikin foldarsa, kuma fayilolin da ya bari a intanet sunansu kawai ke kan faifai, babu jiki. Linux ba zai iya buɗe su ba. Shiga asusunka ta burauza za ka same su.

Mataki na 3: ceto, idan duk wancan bai yi ba

In kayan masu nauyi ne, takardun fili, lissafin shago na shekaru, hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, fara ɗaukar kwafin ɓangaren gaba ɗaya zuwa wani faifan waje wanda ya fi shi girma. Sauke gddrescue, shiga faifan wajen, ka rubuta:

sudo ddrescue /dev/sda4 kwafi.img kwafi.map

Yana cin lokaci, awa da awanni a tsohon faifai, don haka ka tabbata batir a cike yake. Amfaninsa, duk kuskuren da ka yi daga baya kana da wurin komawa.

Daga nan ka bi kayan aiki daga mai sauƙi zuwa mai wahala. Cire ɓangaren daga jone, ka gwada ntfsundelete, wanda ke zuwa tare da ntfs-3g:

sudo ntfsundelete /dev/sda4 --scan

Zai jero fayilolin da aka goge, da kaso nawa cikin ɗari na kowanne ake iya dawowa da shi. Don kwaso duk takardun Word zuwa faifan waje:

sudo ntfsundelete /dev/sda4 -u -m '*.docx' -d /media/sunanka/waje

In bai kawo ba, sai TestDisk, na Christophe Grenier, kyauta ne. Sauke shi da sudo apt install testdisk, kunna da sudo testdisk, zaɓi faifan, amince da irin teburin da ya gano, shiga Advanced, zaɓi ɓangaren, danna Undelete. Abin da ka gani ka kwafa zuwa waje. Kada ka taɓa Write a ko'ina, ba shi ya kawo ka ba.

PhotoRec, wanda ke cikin ƙunshi ɗaya da TestDisk, shi ne makamin ƙarshe. Bai damu da littafi ba, bin faifan yake taki-taki yana shinshino duk abin da ya yi kama da hoto ko takarda. Yana samo abin da sauran suka kasa, amma babu suna babu folda, sai lambobi a cikin recup_dir.1, recup_dir.2, har inda suka tsaya. Mun kai bayan isha'i muna buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, har da wasiƙun neman aiki na wanda ya riƙe laftof ɗin a Turai kafin ta iso Gana. Babi na huɗu mun samu, amma na ranar Laraba. Na Alhamis Windows ta riga ta rubuta wani abu a kansa. Shafi shida ya sake rubutawa.

Nasa tsohon faifai ne mai juyawa, shi ya sa ma aka samu wannan. A SSD, faifan zamani marar juyawa, akwai abin da ake kira TRIM, wanda ke sanar da faifan cewa wuri kaza ba a bukatarsa, shi kuma ya share. Abin da TRIM ya bi ta kansa ba ya dawowa. Masu SSD su fi kowa saurin ɗauke hannu.

Mataki na 4: yanzu a gyara littafin

Sai bayan ka kwashe abin da za ka iya kwashewa. Shiga Windows, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta:

chkdsk D: /f

Bari ya gama, kada ka katse shi, sannan ka sake leƙa found.000 ko ya tara sabon abu. NTFS na Windows ne, ita ta fi sanin ciwonsa.

Ga gargaɗi a kan ntfsfix, domin shi ne umarnin da ake yawan liƙa wa mutane. Ba chkdsk ba ne, takardar bayaninsa ma ta faɗi haka. Yana gyara 'yan ƙananan abubuwa, ya share kundin da NTFS ke rubuta aikin da bai kammala ba, in ka ƙara masa -d kuma ya goge alamar da ke cewa ɓangaren na bukatar dubawa. Wato ka kashe ƙararrawa, wutar na ci. Haka zaɓin remove_hiberfile, wanda ke share barcin Windows ɗungurungum tare da duk aikin da ba a ajiye ba, haka kuma force na ntfs3. Suna da ranarsu, ranar da Windows ta mutu murus ba ta tashi. Amma muddin tana tashi, shiga cikinta ka yi Restart ya fi sauƙi, ya fi aminci. Garin neman gira kada a rasa ido.

Mataki na 5: kashe Fast Startup, da dogon barcin gaba ɗaya

Wannan shi ne maganin, sauran duk jinya ce. Hanyar linzami: Control Panel, Hardware and Sound, Power Options, Choose what the power buttons do. Danna Change settings that are currently unavailable, cire alamar da ke kan Turn on fast startup, danna Save changes.

Ni dai ba na tsayawa a nan, domin wannan bai hana abin da ya sami ɗan yayata ba: batir ya ƙare, Windows ta yi dogon barci da kanta. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, gara a tumɓuke abin daga tushe. A Command Prompt na Administrator:

powercfg /h off

Wannan yana kashe dogon barci, Fast Startup ya bi shi, hiberfil.sys ya goge, ka ma sami 'yan gigabayit na sarari. Tabbatar da powercfg /a, za ka ga Hibernate da Fast Startup a jerin abubuwan da babu. Abin da ka rasa shi ne idan batir ya ƙare kana tsakiyar aiki, abin da ba ka ajiye ba ya tafi, don haka Ctrl da S su zama abokan yatsunka. Tashin kwamfutar zai ɗan ƙara jinkiri. A SSD da kyar za ka lura, a tsohon faifai za ka lura, amma ba zai kai lokacin shan kofin shayi ba.

Bayan kowane babban sabuntawa na Windows ka sake duba powercfg /a, an sha ganin saituna sun koma yadda suke. In kuma kwamfutar ba taka ba ce, ba ka da ikon canja saiti, riƙe Shift yayin da kake danna Shut down, ko ka rubuta shutdown /s /t 0. Duka biyun kashewa ce cikakkiya.

Dokar ta hau kan Linux ma. In ka kunna masa dogon barci, kada ka shiga Windows yana kwance da ɓangaren a jone. Ɓarnar iri ɗaya ce, juyawa kawai ta yi.

Mataki na 6: ba ɓangaren mazauni na dindindin a Linux

Maimakon ka riƙa danna shi a mai nuna fayiloli kullum, rubuta shi a /etc/fstab, fayil ɗin da Linux ke dubawa ya san abin da zai jona idan ya tashi. Fara yin foldar, ka kulle ta tun tana fanko:

sudo mkdir -p /mnt/kaya

sudo chattr +i /mnt/kaya

Layi na biyun shi ne maganin darduma a kan mabuɗi. Foldar da aka yi wa haka ba ta karɓar rubutu, amma ana iya jona ɓangare a kanta. Ranar da jonawa ta ƙi, manhaja za ta yi maka ihu nan take maimakon ta ajiye a ɓoye.

Ajiye kwafin fstab kafin ka taɓa shi, da sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho. Ɗauko UUID, wato lambar shaidar ɓangaren, daga lsblk -f, na NTFS haruffa da lambobi 16 ne. Buɗe da sudo nano /etc/fstab, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa:

UUID=naka /mnt/kaya ntfs-3g defaults,uid=1000,gid=1000,windows_names,nofail 0 0

Ana amfani da UUID ne saboda suna irin sda da sdb na iya musanya idan ka soka wani faifai. uid da gid suna mallaka maka fayilolin, 1000 ita ce lambar mai amfani na farko a Ubuntu da Mint, umarnin id zai nuna maka taka. nofail yana hana kwamfutar tsayawa a hanya idan ɓangaren ya ƙi. Gwada da sudo mount -a kafin ka sake kunnawa. In bai ce komai ba, ya yi.

windows_names kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Linux yana karɓar kusan kowane suna, Windows ba ta karɓar waɗannan alamomi: < > : " / \ | ? * kuma ba ta son suna ya ƙare da ɗigo ko sarari, ko ya zama CON, PRN, AUX, NUL. Mu kuwa da son rubuta "Babi na 3: Sakamako" ko "Wa ya biya?" a matsayin sunan fayil. Linux zai ajiye, Windows ta kasa buɗewa, chkdsk kuma in ya zo ya cire sunan a matsayin gurɓatacce. Wannan zaɓi yana hana ka ƙirƙirar irin sunan tun farko. Wanda ba ya hanawa shi ne Rasit.pdf da rasit.pdf a folda ɗaya. A Linux biyu ne, a Windows suna ɗaya ne, sai ka kiyaye da kanka. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, ba su da matsala ko kaɗan, rubuta sunan fayil da Hausarka.

Wasu na tambaya ko su mayar da ɓangaren exFAT su huta. Ban ba da shawara ba. exFAT da FAT32 ba su da kundin da ke taimaka wa NTFS farfaɗowa idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4. ext4 na Linux ya fi su duka dacewa da Linux, amma Windows ba ta karanta shi, har takan ce a yi masa format. In ka taɓa ganin wannan tambaya, amsarta Cancel. Kuma kada C ya zama wurin haɗakar, bar Windows da ɗakinta.

Wani abu da mu a Gana muka huta da shi: masu kwamfuta mai tsari biyu a Kano ko Yamai suna fama da agogo, kowane shiga ya goce da awa ɗaya, domin Linux na ajiye agogon na'ura a UTC, Windows na ɗaukarsa lokacin gida. Mu lokacinmu shi ne GMT, wanda ya yi daidai da UTC, duk shekara, don haka lokutan da ke jikin fayilolinmu ba sa rikicewa.

Mataki na 7: wuta, da lafiyar faifan

Linux ba ya rubuta komai a faifai nan take, yakan riƙe a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Allon kwafi zai iya nuna ya gama alhali saura. Mai kwamfutar tebur marar UPS, ko laftof mai mataccen batir, bayan babban kwafi ya rubuta sync ya jira har alamar rubutu ta dawo. Kada kuma a kashe da danne maɓallin wuta sai dole.

Faifan kansa yana iya zama mai laifin, musamman na hannu da ya sha aiki kafin ya zo, ya kuma zo ya sha zafi da ƙurar hunturu. Sauke smartmontools ka rubuta sudo smartctl -a /dev/sda. A faifai mai juyawa duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. In lambar ƙarshen layin ba sifili ba ce, musamman in tana ƙaruwa daga mako zuwa mako, kwashe kayanka yau. Kuma ɓangaren D ba ma'ajiya ta biyu ba ce, faifai ɗaya ne da C, in ya mutu tare za su tafi. Abin da ba za ka iya sake yi ba, ya kasance yana da kwafi a faifan waje ko a intanet.

Gwaji

Kada ka yarda da gyaran sai ka jarraba. A Windows yi fayil mai suna gwaji.txt a D, rubuta layi ɗaya, danna Shut down na yau da kullum. Kunna, shiga Linux, rubuta findmnt /mnt/kaya, ka tabbata ka ga rw a cikin zaɓuɓɓukan, ba ro ba. Buɗe fayil ɗin ka ƙara layi, ka yi sabuwar folda kusa da shi, ka kashe. Koma Windows ka duba layi biyun da foldar. Yi zagayen sau uku, ɗaya daga ciki ka rufe murfin laftof ɗin kana cikin Windows ka bar ta ta kwana a haka, da safe ka ga inda za ta farka. In Linux ya sake ba ka ro, sudo dmesg | grep -i ntfs ko sudo mount -a zai faɗa maka dalili, ka koma mataki na 4 da na 5.

Ɗan yayata ya yi nasa gwajin a shagon ranar Asabar, layi shida cif a cikin gwaji.txt. Kafin ya tafi na sa ya tura wa kansa babi huɗun ta imel a gabana, na kuma karɓi kuɗin fura.